An sa min ranar tiyatar cire nono, me zan tarar bayan na farka?

Maman Yara Uku:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda aka taɓa yi wa tiyatar sankarar mama, ko suka yi jinyar wadda aka yi wa, ku taimaka min da haske.

Shekarata 43, malamar makaranta ce ni. Watannin baya na ji wani ƙullutu a nonona na dama, can sama wajen hammata, ba ya ciwo ko kaɗan. Aka yi hoto, aka ɗebi tsoka da allura aka kai gwaji, sakamako ya fito kansa ce. Hoton ya nuna ƙullutun ba ɗaya ba ne, akwai wani ƙarami daga ƙasa, nesa da na farkon. Saboda haka likita ya ce nonon gaba ɗaya za a cire, a kuma kwashe ƙwayoyin kaluluwa na hammata, tunda gwaji ya nuna cutar ta kai ga ɗaya daga cikinsu. An sa min rana, kuma ta matso.

Likita ya yi bayani daidai gwargwado, amma wallahi bakinsa kawai nake kallo, rabin maganar ta bi iska. Yanzu da dare ne tambayoyin suke taso min. Yaya zafin yake bayan an farka? Da hannun dama nake rubutu a allo, shin hannun zai dawo yadda yake? Sannan gwaggona, wadda ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, kullum tana kuka tana cewa kar na yarda, wai idan ƙarfe ya taɓa kansa bazuwa take yi. Na san ƙauna ce ta sa take faɗa, amma maganar ta zauna min a rai. Abu na ƙarshe, wanda na kasa tambayar kowa baki da baki: yaya mace take yi ranar da za ta fara kallon ƙirjinta?

Anti Tela:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na ajiye aikin da ke gabana na zauna rubuta miki. Irin aikin da za a yi miki shi aka yi min shekarun baya, ni ma a dama, kuma ni tela ce, da hannun nan nake riƙe almakashi.

Ƙirjin kansa bai yi min ciwo yadda na zata ba. Idan aka yanka fata aka ɗaga ta, ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji suna yankewa, sai wurin ya zama kamar ba jikinki ba. Na farka da bandeji mai kauri, maƙogwarona yana kartar ciwo saboda robar numfashi da ake sa wa mutum lokacin da yake cikin barcin allura, ga tashin zuciya. Washegari na miƙe na taka da ƙafata. Maganin ciwon da aka sallame ni da shi ƙwayoyi ne na yau da kullum, kuma sun isa, da sharaɗin ki sha su a kan lokacinsu, kar ki jira sai ciwon ya taso.

Hammata ce ta ba ni aiki. Akwai wata jijiya da ta fito daga tsakanin haƙarƙari ta ratsa hammata ta sauka cikin damtse. Wajen kwashe kaluluwa ana jan ta, wani lokacin a yanke ta. Sai ki ji cikin damtsenki ya mutu, kuma a lokaci guda yana raɗaɗi, hannun riga ma idan ya goge shi sai kin cije leɓe. Wannan ya ɗauki watanni yana raguwa a hankali. Har yau akwai wani ɗan fili a bayan damtsena da ba na jin taɓi a kansa, na saba da shi.

Za ki farka ki ga siririn tiyo ya fito ta gefen haƙarƙarinki, ƙasa da ɗinkin, ya shiga wata 'yar gora ta roba. Ruwan da ke taruwa a wurin aikin yake tsotsowa. Da farko ja ne, sai ya koma ruwan hoda, sannan ya yi fatsi-fatsi. Kar jan ya firgita ki. Kowace safiya a auna abin da ya taru a rubuta a takarda, domin da wannan lissafin likita zai san ranar cirewa: galibi idan ya sauko ƙasa da mililita 30 a kwana guda, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Tun kafin a kwantar da ni na ɗinka 'yar jaka mai igiya da nake ratayawa a wuya in saka gorar, don idan ta yi lilo tana jan fata, kuma wannan jan ya fi yankan ciwo. Ki nemi wadda za ta ɗinka miki. Cire tiyon kuwa, nas za ta ce ki ja dogon numfashi, kafin ki sauke ya fita. Bayan an cire nawa ruwa ya sake taruwa ƙarƙashin fata, ina juyawa ina jin motsinsa. Na koma aka zuƙe da allura, ban ji komai ba tunda wurin a mace yake. Mata da yawa suna gamuwa da wannan, ba alamar cutar ta dawo ba ce.

Kafin ranar ki tanadi riguna masu buɗewa ta gaba, domin riga mai shiga ta kai za ta gagare ki na ɗan lokaci. Ki nemi ƙaramin filo mai laushi na sawa tsakanin damtse da haƙarƙari. Duk abin da kike amfani da shi kullum wanda ke ajiye a sama, a sauko miki da shi daidai ƙugu. A rigingine za ki riƙa kwana, da filo biyu ko uku a baya.

Yanzu maganar hannu, wadda ita ce ta sa ni rubutun nan. Hannunki zai dawo in Allah ya yarda, amma ba da kansa zai dawo ba, sai kin nemo shi. Tun washegarin tiyata ake fara motsi: dunƙule hannu da buɗewa, lanƙwasa gwiwar hannu, ɗaga kafaɗu a juya su baya. Muddin tiyo yana jiki ba a ɗaga hannu ya wuce kafaɗa. Da an cire shi, likita ya ba da izini, sai ki fuskanci bango ki ɗora yatsu ki riƙa tafiya da su sama sannu a hankali har inda fata ta fara ja, ki tsaya nan ki yi numfashi, ki sauko. Ni da alli na tela nake sa alama a inda yatsuna suka kai. Wata rana alamar ta hau da faɗin yatsa ɗaya, wata rana ba ta motsa ba, amma bayan makonni sai na ga layukan sun jeru sama har sun wuce tsayin kaina. A ranakun da zuciyata ta karye, waɗannan layukan su nake zuwa in duba.

Ana cikin haka wata safiya na miƙa hannu sai na ji wani abu ya ɗaure tamau daga hammata har gwiwar hannu, kamar igiyar shanya, ina ganin shatinsa a ƙarƙashin fata. Hankalina ya tashi ƙwarai. Mai fisiyo, wato ƙwararriyar motsa gaɓoɓi, ta duba ta ce hanyoyin ruwan kaluluwa ne da aka yanke suka ƙandare, maganinsa miƙewa da tausa a hannun wanda ya iya. Ta yi ta ja a hankali, mako bayan mako, har ya saki. Idan kin ga irin wannan ki faɗa da wuri, kar ki naɗe hannun ki zauna.

Kuma ki shirya, masu ƙaunarki su ne za su fi hana ki motsi. Da kin miƙa hannu za ki ɗauki kofi, mutum uku sun taso, “bari, bari, kar ki fama ciwon.” Ki gode musu, ki bar musu kaya masu nauyi da wanki da ɗaukar yaro har mako huɗu zuwa shida, amma kofin ki ɗauka da kanki, fuskarki ki wanke da hannun, kanki ki taje da shi idan ya fara kaiwa. Kafaɗar da aka bari a naɗe sandarewa take yi, kuma warware ta ya fi tiyatar wahala. Ga wani dalilin: idan aka ce za a yi miki gashi da na'ura, wato a haska wurin da haske mai kashe ƙwayoyin kansa, kwanciya ake yi hannu a ɗage bisa kai, ba motsi, na mintuna. Na zauna layi da wata baiwar Allah da aka ɗage wa fara gashin saboda hannunta ya ƙi hawa, tana kuka tana cewa babu wanda ya gaya mata. Ban manta fuskarta ba.

Allo kuwa za ki koma. Da farko ki riƙa rubutu daga tsakiyarsa zuwa ƙasa, ki huta idan damtsen ya yi nauyi. Ni keken ɗinki na fara komawa kafin yanka, don almakashi yana cin ƙarfin damtse.

Tambayarki ta ƙarshe. Na kalli nawa ranar da aka fara canja bandeji, nas tana tsaye kusa da ni. Layi ɗaya ne a kwance, daga kusa da tsakiyar ƙirji zuwa hammata, wurin a shafe, ba kan nono, fatar ta yi duhu-duhu ta ɗan tattare a gefe. Na yi kuka sosai, nas ɗin ba ta ce min in yi shiru ba, ta dafa kafaɗata har na gama. Abin da kika gani a makon farko ba haka zai zauna ba, kumburi zai saɓe, tabon ya lafa ya yi haske. Wani lokacin za ki ji ƙaiƙayi a kan nonon da babu shi, har ki kai hannu. Ƙwaƙwalwa ce ba ta gama karɓar labari ba, lafiyarki ƙalau. Da farko auduga mai laushi ake sawa a rigar mama, bayan mako shida zuwa takwas idan wurin ya warke a gwada miki na silikon mai nauyi daidai da ɗayan, wanda ke hana kafaɗa karkacewa.

Nas a Ɗakin Tiyata:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya sa a yi a sa'a. Anti Tela ta gama magana a kan jinya, ni maganar gwaggo zan ɗauka, don ina jin ta kusan kullum.

Wuƙar likita ba ta watsa kansa. Abin da mutane suka gani shi ne, mace ta ɓoye ciwo har ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi, sannan aka kawo ta, aka yi aiki, bayan watanni ta rasu, sai a ce aikin ne. Cutar ta riga ta yi tafiyarta tun kafin a taɓa ta. Jinkiri shi ke ba ta hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, kuma a ƙasashe masu arziki, inda ake ganowa da wuri a kuma kammala magani, sama da 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Tiyata tana cikin maganin kusan dukkansu.

Tsoron tsofaffi kuma yana da tushe, kar ki ga laifinta. Aikin da William Halsted ya yaɗa daga asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda ya wallafa sakamakonsa a 1894, har tsokar ƙirji ake kwashewa, mace ta tashi ƙirji a rame, hannu a kumbure. An shafe shekaru da dama ana yin haka. Daga baya binciken Bernard Fisher a Amurka da na Umberto Veronesi a Italiya, waɗanda aka fitar da sakamakonsu na shekara 20 a 2002, suka nuna yanka mai faɗi ba ya ƙara tsawon rai, har ma a ƙaramin ƙullutu ana iya cire shi kaɗai a bi da gashi. Naki za a cire duka ne saboda ƙullutu biyu ne nesa da juna, amma tsokar ƙirjinki tana nan ba za a ɗauke ta ba. In da hali ki je da gwaggo wajen likita ta ji da kunnenta.

Bayan an sallame ki, ki koma asibiti ba tare da jiran ranar ganin likita ba idan wurin ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, ko ya yi ja da zafi, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya.

Sai kumburin hannu na dindindin, wanda ke samun kusan mace 1 cikin 5 da aka kwashe wa kaluluwar hammata. Yana iya zuwa bayan watanni, yana iya zuwa bayan shekaru. Farkonsa zobe ko agogo ya matse, hannu ya yi nauyi. A wannan matakin ya fi jin magani, da safar hannu mai matsewa da tausa ta musamman. Ki kiyaye hannun daga yanka da ƙuna, ki riƙa shafa mai, ƙaramin rauni ma a wanke shi nan take. Aiki da hannun ba ya jawo kumburin: binciken Kathryn Schmitz na 2009 ya nuna ɗaga nauyi da aka fara kaɗan-kaɗan ana ƙarawa bai tsananta shi ba ko ga waɗanda suke da shi.

Ƙanwar Kowa:

Yaya, sannu da jiki. Ni ƙullutun kawai aka cire min, ina da shekara 34, don haka ba zan ce na san abin da za ki ji ba. Amma a wuri ɗaya na ɗan bambanta da Anti Tela. Ni ban iya kallon wurin da wuri ba, yayata ce take min wanka tana duba ɗinkin, ni ina kallon gefe. Sai da na ji na shirya, ni kaɗai a ɗaki, na fara taɓawa da tafin hannu ta saman riga, daga baya na duba madubi. Kar wani ya matsa miki. Abin da ya zama dole shi ne a samu mai duba ciwon kullum, ko ke ko wata.

Abin da ya fi min nauyi shi ne jiran sakamakon naman da aka cire, mako ɗaya zuwa biyu ana jira. Shi zai faɗi girman ƙullutun, kaluluwa nawa cutar ta kama, da irin kansar. Ranar karɓarsa ki tafi da mai riƙe biro, ki kuma rubuta tambayoyinki tun daga gida, tunda kin ce magana tana wuce ki. Tawa irin da ake kira HER2 ce, aka yi min kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake sawa ta jijiya, sannan allurar Herceptin ta shekara guda, ana duba zuciyata lokaci-lokaci. Sumata ta fara zuba wajen mako na uku da fara kemo, ta dawo bayan an gama. Idan aka ce kemo, ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye kusa, zazzaɓi a lokacin kemo ba a kwana da shi a gida, ko da tsakar dare ne.

Maman Yara Uku:

Na gode, na gode, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa gwaggo amsar Nas, ta yi shiru, daga baya ta ce za ta bi ni ganin likita. Anti Tela, autata shekararta 6, kullum a ƙirjina take barci, me zan ce mata? Kuma a takardar gwajin farko an rubuta kansar tana jin estrojin, sinadarin jikin mace, likita ya ambaci wata ƙwaya da zan daɗe ina sha.

Anti Tela:

Alhamdu lillahi da gwaggo ta sauko, a bi ta a hankali.

Auta ki gaya mata gaskiya daidai hankalinta, tun kafin ki tafi asibiti. Ki ce akwai ciwo a nonon Mama, likita zai cire shi don Mama ta samu lafiya. Yara suna da tambayoyi biyu da ba sa furtawa: ko laifinsu ne, ko su ma za su ɗauka. Ki amsa mata su ko ba ta tambaya ba, ki ce ba abin da ta yi, kuma ba a ɗauka, tana iya rungumar ki. Daga yau ki fara kwantar da ita ta gefen hagu, ta saba kafin ranar. Nawa ɗan da ya ga gorar tiyo tsoro ya ji ya ƙi matsowa, sai na ba shi aikin riƙe takardar da muke rubuta awon ruwan, shi ke kawo biro kowace safiya, daga nan ya saki jiki. Malamarta ma a sanar da ita, don yaro yakan kai damuwarsa aji.

Ƙwayar nan, tunda al'adarki ba ta ɗauke ba, mai yiwuwa tamoxifen ce, ita nake sha. Tana tare estrojin ne kar ya ciyar da ƙwayoyin cutar da suka ɓuya, ana shan ta shekara 5 zuwa 10, ɗaya kullum. Ta sa ni zufa da dare da wani zafi da kan taso daga ƙirji zuwa fuska, watannin farko sun fi tsanani. Na san mata da suka ajiye ta da kansu saboda wannan, ko don sun ga sun warke, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin kariyarta tana cikin daɗewar. Idan ta dame ki, ki koma wa likita, akwai abin da za a yi, wani lokacin sauya lokacin sha kaɗai yana sauƙaƙawa. Ba a ɗaukar ciki a kanta, ki yi wannan maganar da likita tun yanzu ke da maigidan. Idan kuma kin ga jini ba lokacin al'ada ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a ranar za ki je asibiti.

Ki tambaya tun kafin a kwantar da ke ko akwai mai fisiyo da zai gan ki kafin sallama, in babu a ba ki takardar motsa hannu mai hotuna. Kuma idan an cire tiyon ki dawo ki gaya mana inda yatsunki suka kai a bango.